Yadda Ake Shirya Kokowar Kaka a Ƙaramin Gari: Jagora ga Samarin Ƙasar Maraɗi

Da zarar gero ya shiga rumbu, wake da gyaɗa da aya suka fara fita kasuwa, sai maganar kokowa ta tashi a fadodin samari, daga Tasawa har Gidan Rumji. Kowa na da ɗan kokowar da yake rantsuwa babu mai kai bayansa ƙasa. Mafi yawan wannan magana a gindin butar shayi take ƙarewa. Wadda ta samu ta kai fili kuma, sau da yawa takan bar gari cikin gutsiri-tsoma: an ce ma'aji ya ci kuɗi, an ce alƙali ya yi son kai, baƙi sun koma gida ba a sallame su ba. Baɗi idan aka sake tayar da zancen, sai dattawa su ce a bari.

Ni ban ga bari a matsayin magani ba. Lokacin da aka fara gasar kokowa ta ƙasa, wato gasar takobi, a Tawa a 1975, ɗan Maraɗi ne, Yakuba Ango da ake kira Kantu, ya ɗauko takobin, kuma da sunansa ake kiran filin kokowar birnin Maraɗi a yau. 'Yan kokowa goma-goma da kowace jiha ke turawa gasar, akasarinsu a dandalin ƙauye suka fara. Ban da wannan, kokowar kaka na cikin 'yan ayyukan da suka rage waɗanda manomi da ɗan kasuwa da mace mai ƙuli-ƙuli ke zuba kuɗinsu wuri guda. Garin da ya iya tara kuɗin kokowa, ya kashe, ya kawo lissafi a bainar jama'a, ya iya tara na gyaran famfo.

A fara da mutane

Kada fada ɗaya ta riƙe shirin, ko da ita ta kawo shawarar. Ku kira taro bayan la'asar a ƙofar gidan mai unguwa ko a farfajiyar makaranta, kowace unguwa ta turo mutum biyu. A nan za a zaɓi kwamiti, kuma kada ya wuce mutum tara ko goma sha ɗaya. Ana buƙatar shugaba wanda unguwannin da ba su ga maciji da juna duk suke jin maganarsa, da magatakarda mai iya rubutu da Hausa da Faransanci, da ma'aji, da tsohon ɗan kokowa, da mata biyu aƙalla. Mai neman suna ko muƙami, a ba shi kujera a rumfa ranar wasa, amma kada a ba shi shugabanci.

Ku kuma nemi tsofaffin 'yan Samariya. Bayan 1974 gwamnatin Seyni Kunce ta farfaɗo da Samariya, ana gayya da rana ana wasa a dandali da dare, ƙarƙashin sarkin samari. Da wuya a rasa dattijo ko dattijuwa a gari da suka yi wannan zamani. Su suka san gidan da ake sauke baƙin kowane gari, da garin da aka taɓa ɓatawa da shi a fili, da dalili. Wannan sani ba a rubuce yake ba, sai an je an zauna da su.

Kuɗi

A nan ake faɗuwa, don haka a nan zan daɗe. Ba sai kun ƙirƙiro wata dabara ba, iyayenku mata sun riga ku. A jihar Maraɗi aka fara ƙungiyoyin asusu na Mata Masu Dubara a 1991, da tallafin ƙungiyar CARE, kuma daga nan tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama. Abin da ya riƙe shi bai wuce abu biyu ba: ba a taɓa kuɗi sai a gaban kowa, kuma mai ajiye akwati daban, masu riƙe makulli daban. Ku kwaikwayi wannan yadda yake. Akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makulli uku a hannun mutum uku na unguwanni uku, akwatin kuma a ɗakin ma'aji. Idan so samu ne ma'ajin ta zama mace daga irin waɗannan ƙungiyoyi, domin ta saba, kuma samari na jin nauyin zuwa mata da cewa «Inna, ara mini dala ɗari kafin gobe.»

Littafi biyu za a buɗe, ɗaya wurin magatakarda, ɗaya wurin wani da ba ya cikin masu makulli. Duk mako a rana ɗaya a zauna, a karɓi karo-karo, a kira sunan mai bayarwa da abin da ya bayar da ƙarfi, a rubuta a littafan biyu, a ƙirga abin da ke akwati kafin a rufe. Ku sa abin da kowane saurayi zai iya, ko dala hamsin ce a mako. Gara ƙaramin kuɗi daga mutum ɗari da babban kuɗi daga mutum biyar.

Gudummawa ba kuɗi kaɗai ba ce. Wani zai kawo damin gero, wata tiya biyu ta wake, wani itacen girki, wani ya ba da aron amalanke. A rubuta su duka da sunan mai su, domin ranar lissafi wanda ya ba da dami yana son jin sunansa kamar yadda wanda ya ba da jika goma yake so.

'Yan cirani da ke Kano, Legas, Abijan, Libiya ko Aljeriya sukan fi kowa ɗokin wasan garinsu, kuma kuɗinsu ne ya fi saurin ɓata, saboda kowa ta hannun ɗan'uwansa yake aikowa. Ku sanar da suna ɗaya da lamba ɗaya da za a turo wa, ta Nita ko Amana ko Al Izza. Wanda ya karɓo ya ɗauki hoton rasit ya sa a zauren WhatsApp na gari a ranar, kuɗin kuma su shiga akwati a zama na gaba.

Akwai kuma Alhajin da ke birni, ɗan garin, wanda zai iya ɗauke nauyin komai shi kaɗai. Ku je ku gaishe shi, ku karɓi abin da ya bayar da godiya. Amma shawarata, kada abin da mutum ɗaya ya bayar ya fi na sauran gari gaba ɗaya. In ya fi, wasan ya zama nasa: shi zai sa rana, shi zai zaɓi makaɗi, shekarar da kasuwa ta juya masa baya kuma babu kokowa. Idan yana son yin babban abu, ya sayi kyautar zakara da sunansa.

Wajen kasafi, ku fara ware abincin baƙi da kuɗin motarsu na komawa, sannan sallamar makaɗa da alƙalai, sannan fili. Kyaututtuka su zo daga baya. An fi yin akasin haka, a sayi babur na kyauta, baƙi kuma su kwana da yunwa. Kashi ɗaya cikin goma a bar shi a akwati kada a taɓa, don rauni ko wata larura. Kuɗin shiga kuwa, a shekarar farko ku bar shi. Fili marar katanga ba ya tsaruwa, kuma rigimar bakin ƙofa ta fi abin da za a samu. Kujerun rumfa kawai za a iya sa wa kuɗi.

Gaisuwa da izini

Kafin a rubuta wa hukuma komai, a fara da mai gari, shi kuma ya kai ku ko ya tura ku wurin sarki. Ku je ku uku ko huɗu, dattijo a gaba, da ƙullin goro. A tuɓe takalmi tun daga bakin zaure, a durƙusa, a bar dattijon ya yi magana: «Ranka ya daɗe, yaranka ne suka zo da shawara. Suna son su yi wasan kaka, amma sun ce ba su sa rana sai ka sa musu albarka.» Kada a je da takardar gayyata an riga an buga rana a kai. Basaraken da ya ji labarin wasa daga bakin mai shela ba lallai ya hana ba, amma ranar da rigima ta tashi ba za ku same shi ba.

Daga nan sai liman. Kowa ya san a ƙasar nan akwai malaman da ba su yarda da kiɗa da layun 'yan kokowa ba. Ba muhawara ta kai ku ba. Ku ce: «Allah gafarta Malam, mun zo mu sanar da kai, mu kuma ɗauki alkawari.» Alkawarin shi ne ganga za ta tsaya da an kira salla, mata na da gefensu, babu caca babu ƙwaya a bakin fili, kuma filin ba ya kusa da masallaci. In kun ɗauka ku cika, domin da shi za a auna ku baɗi.

Sai ma'aikatar magajin gari. Tun watan Afrilu na 2024 da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi, wakilan da gwamnati ta naɗa ne ke riƙe da waɗannan ma'aikatu, don haka takardarku ga wanda ke riƙon za ta. Ko da yake kundin da aka fitar a 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, takardun ofis har yanzu da Faransanci aka fi rubuta su, sai magatakarda ko wani malamin makaranta ya rubuta. A faɗi sunayen masu shiri, da rana, da lokacin farawa da na tashi, da wurin, da garuruwan da aka gayyata, da wanda ke kula da tsari. A kai kwafi biyu, a buga muku hatimi a kan naku, ku koma da shi. Duk abin da aka ce ku biya, ku karɓi rasit. A yi wannan da sauran mako uku aƙalla, kuma ku tambaya a nan ko sai takardar ta wuce wurin firefe.

Jandarmomi ko 'yan sanda su samu kwafi a hannu, kuma shugaba ya je da kansa. Garuruwan da ke kusa da iyaka, musamman a yankunan Madarunfa da Gidan Rumji, sun san halin da ake ciki da 'yan bindiga. Idan jami'an tsaro suka ce a ɗage ko a rage lokaci, a bi. Ko ina garin yake, ku tsara a tashi kafin magariba, baƙi su kama hanya da sauran haske.

Rana da fili

Lokacin da ya fi shi ne bayan an gama kai amfanin gona gida, kafin samari su watse cirani. A kauce wa azumi, a kauce wa kwanakin gasar takobi ta ƙasa, wadda galibi ake yi wajen ƙarshen shekara, domin a lokacin kunnen kowa na kan rediyo, manyan 'yan kokowa da makaɗa kuma ba su nan. A duba ranakun kasuwa na kewaye. Kasuwar Maraɗi Litinin da Juma'a take ci, kuma motoci da 'yan kasuwar garuruwan kusa can suke nufa. Kwana biyu sun ishi wasan. Da an sa rana, a ba mai shela a kasuwa, a kai sanarwa rediyon da aka fi saurare a yankin, garuruwan da aka gayyata kuma a aika musu mutum da goro.

Fili mai yashi ake so. Kwana biyu kafin wasa a yi gayya, a bi shi da manjagara a fitar da ƙaya da ƙarangiya da fasassun kwalabe, a ƙara yashi inda ƙasa ta yi tauri. A jera buhunan yashi a yi da'ira mai faɗin taku ashirin ko kusa da haka. Bayanta da taku biyar a kafa turaku a ja igiya, wannan tsakanin na alƙalai da makaɗa ne kaɗai. Rumfar manyan baƙi a yamma za ta zauna, don rana ta kasance a bayansu da la'asar. A bar ƙofa biyu, ta maza da ta mata, da hanyar da mota za ta iya shiga. A yayyafa ruwa kafin a fara saboda ƙurar hunturu, a ajiye randunan ruwan sha, a kewaye makewayi da zana. Janareto a kai shi nesa, ƙararsa kada ta danne ganga. A gayyaci majo, wato shugaban asibitin gari, ko ma'aikacinsa ya zauna da akwatin magani, kuma a san tun da wuri motar wa za ta ɗauki wanda ya karye.

Doka da alƙali

Alƙali kada ya zama ɗan gari, ko da waliyyi ne. Ku nemi reshen jiha na hukumar kokowa ta ƙasa, FENILUTTES, ya ba ku alƙalai, ko ku ɗauko tsofaffin 'yan kokowa daga garin da ba ya cikin gasar. Uku ake so, ɗaya a tsakiya biyu a gefe.

Daren jajibiri a tara jagororin kowane gari a zauna kan doka. Baya, gindi, kai ko haƙarƙari a ƙasa, kowa ya san kaye ne. Inda ake saɓani shi ne gwiwa da hannu: gwiwa biyu kaye ne? Gwiwa ɗaya da hannu fa? Wanda aka tura bayan buhu fa? Minti nawa ake ba karo, kuma idan lokaci ya cika ba kaye yaya za a raba? Kowane gari da abin da ya saba, don haka a tsayar da magana ɗaya, a rubuta, a karanta ta lasifika kafin karon farko. A raba yara da matasa da manya. A yi ƙuri'a a fili, sunaye a cikin hula, yaro ƙarami ya riƙa ciro su.

Kafin kowane karo alƙali ya kama hannayen 'yan kokowa biyun ya juya, ya duba farce, ya cire zobe, ya shafa kafaɗa da wuya ya ji ko an sha mai, ya taɓa guru da kambu ko akwai ƙarfe a ciki. Mai dogon farce a miƙa masa reza a nan take. Shirin laya da tofi da zagaye fili a sa masa iyaka, in ba haka ba karo ɗaya zai cinye la'asar. Wanda aka ga alamar ya sha taramol, a fitar da shi ko ɗan gidan wa ne, domin shi ne ke karya ɗan mutane bai ma sani ba.

Makaɗa da masu sana'a

Kokowa ba ganga ba ta yi armashi. A yi ciniki da makaɗa tun kafin rana, a san sallamarsu daban, abin da 'yan kallo suka yi musu kari kuma nasu ne. A gaya musu a fili: kirari da zuga an yarda, amma zambon da ya taɓa uwa ko asali babu shi. Wasan taubasai, wanda UNESCO ta sa cikin al'adun duniya da sunan Nijar a 2014, shi ke sanyaya fili, kuma 'yan cali-cali masu kwaikwayon 'yan kokowa suna ba da dariya sukan kashe wutar da dogari bai iya kashewa. A ba su wuri, a kuma sallame su.

Abin da na fi so kwamiti ya kula da shi, a sayi kyaututtuka a cikin gari. Maƙerin gari ya ƙera takobin zakara, baduku ya ɗinka kube, masaƙi ko mai tabarma a sayi nasu, a haɗa da jar akuyar Maraɗi da damin gero. A ware layi guda a bakin fili ga dukawa da masu tukwane da masu faifai, wani layin ga mata masu fura da ƙosai da dambun zogale. Abin da za su biya na wuri ya zama kaɗan ƙwarai. Tsakanin karon matasa da na manya, 'yan makaranta na iya yin ɗan wasan kwaikwayo na minti goma kan takardar haihuwa ko tsabtar rijiya. Jawabin manya kuwa, biyu sun isa.

Ranar wasa

A ciyar da baƙi kafin azahar, a fara da an sauko daga salla. 'Yan tsari su sa alama iri ɗaya, ko ƙyalle ne a damtse, kuma kada a ba su bulala. Idan aka yi kayen da ake gardama, ganga ta tsaya, alƙalai uku su keɓe, na tsakiya ya faɗi hukunci sau ɗaya. Shugaban kwamiti kada ya sa baki, basarake ma a roƙe shi tun da wuri kada ya sa. Mai ƙorafi jagoran garinsu ne kaɗai zai zo teburi. Kyauta a miƙa ta a fili a ranar, babu «ka dawo jibi». Wanda aka kayar a karon farko ma a ba shi kuɗin mota da ɗan abin sabulu, domin shi ne za ku sake gayyata.

Bayan an watse

Washegari a share fili, a mayar da kujeru da tabarmi da tukwanen aro, abin da ya fashe a biya. Kada mako ya cika ba a kira taron lissafi ba, a wurin da aka yi taron farko. A karanta abin da ya shigo suna bayan suna, a karanta abin da ya fita rasit bayan rasit, a buɗe akwati a ƙirga saura a kan tabarma. A manna kwafi a ƙofar mai gari, a tura hotonsa ga 'yan cirani. Taron ne zai yanke abin da za a yi da saura, ko a bar shi jarin baɗi ko a sa shi a wani aikin gari. Daga nan kwamiti ya zaga godiya wurin sarki, liman, ma'aikatar magajin gari, jami'an tsaro da gidajen da suka sauke baƙi.

Idan an yi shekara biyu lafiya, lokaci ya yi da za a yi wa ƙungiyar rajista. Dokar ƙungiyoyi ta Nijar ita ce mai lamba 84-06 ta 1 ga Maris 1984. Za a nemi dokokin ƙungiya a rubuce, da rahoton taron kafawa, da sunayen shugabanni. A ajiye su wurin hukumar yankin, a karɓi takardar shaidar ajiya, a kuma tambayi sauran abin da ake buƙata a lokacin. Da takardar izini ƙungiya ke iya buɗe asusu da sunanta, ta nemi fili na dindindin. A cikin dokokin ku rubuta cewa ana sake zaɓen kwamiti duk shekara a taron lissafi, kuma littafan biyu da makullai uku a nan take ake miƙa su ga sababbi.